Yawon Karnuka a Dajin Epping

A wannan wata za mu kai masu karatu ƙasar Ingila, amma ba cikin birni za mu tsaya ba. A gefen Landan, wajen arewa maso gabas, akwai wani tsohon daji da ake kira Epping. Tsawonsa ya kai mil 12, amma siriri ne, ba inda faɗinsa ya wuce mil 2 da rabi. Girmansa duka wajen eka 6,000 ne, yana kuwa kwance bisa wani dogon tudu tsakanin koguna biyu, Lea da Roding. Mutum yakan shiga jirgin ƙasa a tsakiyar birni cikin hayaniya da turereniya, kafin sa'a guda ta cika ya sauka a garin Loughton, ya taka kaɗan, sai ga shi a ƙarƙashin itatuwan da suka girmi kakan kakansa. Turawa suna rubuta sunan garin nan da haruffa da yawa, amma Lautan suke faɗi.

A garin nan na yi watan Nuwamba duka, a gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya bar aiki yana cin fensho. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure sun yi nisa. Abokan zamansa karnuka biyu ne. Babban baƙi ne wuluk, irin da ake kira Labrado, shekararsa 11, ƙugunsa ya fara sagewa. Ƙaramin kuwa fari ne da dabbare-dabbaren ja, ɗan tsito mai gajerun ƙafafu, irin da Turawa suka saba kamun ɓera da korar yanyawa daga rami da shi. Shi ba ya zama wuri ɗaya ko na minti guda.

Mai karatu zai yi mamaki, gama a wurinmu kare na tsaron gida ne da farauta, wurin kwanansa kuwa waje. A Ingila cikin ɗaki yake kwana, doka kuma ba ta yarda a bar shi yana gantali a titi ba. Tilas ya kasance da abin wuya mai sunan ubangijinsa, tun 2016 kuma doka ta ce a sa wa kowane kare wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lambar da ke nuna ko na wane ne. To, dabbar da ke kulle a gida tilas a fita da ita ta miƙe ƙafa ta yi bayan gida. Saboda haka duk wanda ya ajiye kare ya ɗauki wa kansa alkawarin fita kowace rana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Baba, haka nake kiran mai masaukina, yana fita sau biyu, da safe sa'a ɗaya da rabi, da yamma kuma rabin sa'a.

Kakarsu ba irin tamu ba ce

Kakar Ingila takan fara a Satumba ta ƙare da ƙarewar Nuwamba. Lokacin damshi ne da duhu. Ran Lahadi ta ƙarshe a watan Oktoba sukan mai da agogo baya da sa'a guda, daga nan sai dare ya riƙa cin rana a gaban idon mutum. A ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai bayan bakwai da rabi, kafin ƙarfe huɗu kuwa ta faɗi. Ko ta fito ma ba ta hawa tsaka, sai ta bi gefen sama can kudu kamar mai jin kunya. Tsattsewa sun riga sun tashi tun Satumba da Oktoba, sun ƙetare Sahara zuwa Afirka. A madadinsu waɗansu tsuntsaye masu jan haƙarƙari sukan zo daga ƙasashen arewa masu tsananin sanyi, su sauka garke garke suna cin 'ya'yan itace.

Bakwai da kwata karnuka sun riga sun tsaya bakin ƙofa. Ba sa bukatar agogo. Da Baba ya taɓa dogayen takalmansa na roba, sai ƙaramin ya fara juyi yana kuka ƙasa ƙasa. Mukan sa kwat, da hular sanyi, da safar hannu, Baba ya cusa igiyoyi biyu da 'yan jakunkunan leda a aljihu. Mukan bi wani titi mai suna Staples Road, gidaje a hannu ɗaya, daji a ɗaya hannun, mu wuce wani ɗan tafki, sa'an nan mu shiga. Da mun yi nisa da motoci sai a kwance igiya.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙanshi. Ganyen da ya zuba ya jiƙe yana ruɓa, yana tashi kamar ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, amma da sanyi a ciki. Ganyen kuwa ya rufe ƙasa har idon sawu, ba a ganin hanya, ba a ganin saiwa, ba a ganin rami. A ƙarƙashinsa akwai yumɓu mai santsi wanda yakan riƙe takalmi har sai mutum ya yi da gaske. Wani ɗan rafi yana bi ta cikin kwarin, yana lanƙwasa kamar maciji, ya ci gefen nan ya zuba a gefen can. Kowace safiya sai baƙin ya gangara ya tsaya a cikinsa har ciki, yana dubanmu, ruwan da ni ko yatsa ban iya daɗewa da shi a ciki ba. Kakanninsa karnukan masunta ne a Newfoundland, can gabashin Kanada, saboda haka ba a raba shi da ruwa.

Manyan itatuwan dajin iri uku ne. Akwai oak, mai kaushin ɓawo, wanda ganyensa yakan daɗe bai zuba ba. Akwai bic, mai santsin jiki toka-toka kamar fatar giwa, ganyensa kuwa a farkon Nuwamba yakan zama kamar jan gaci, in hasken safiya ya ratsa shi sai ka ce wuta ce ta kama daji ba hayaƙi. Akwai kuma honbim, mai taurin tsiya, wanda ganyensa yakan koma rawaya. Dalilin sakewar launin nan shi ne, da rana ta gajarta, itacen yakan narkar da koren sinadarin da ganye ke dafa abinci da shi, ya janye abin amfani ya ajiye a jikinsa. Rawayar da ke ɓoye tun da fari sai ta bayyana. Daga nan itacen ya toshe gindin ganyen, iska kaɗan ta isa ta kakkaɓe shi. Wani gajeren itace mai ƙaya a bakin ganye, holi, shi kaɗai yake zama kore shar da jajayen 'ya'yansa.

Karnuka ba ruwansu da launi. Su da hanci suke karanta daji. Ƙaramin yakan nutsa kai cikin tarin ganye har wuya, ya fito yana atishawa. Aikinsa na kullum shi ne korar kuregen bisa, masu launin toka, waɗanda aka kawo daga Amurka a ƙarni na 19 har suka cika ƙasar. A wannan lokaci suna ƙasa suna binne 'ya'yan oak domin hunturu. Sau ashirin zai bi su a safiya ɗaya, sau ashirin su haye itace su zauna suna zaginsa. Baba ya ce shekara shida ke nan bai taɓa kama ko ɗaya ba, bai kuwa fid da zuciya ba. Abin da Baba yake tsaro shi ne kada su ci 'ya'yan oak ɗin, gama suna ɓata wa kare ciki ƙwarai.

Itatuwa masu hannuwa

Ba za ka yi minti goma a dajin nan ba sai ka lura da siffar itatuwan. Gindi gajere ne, kakkaura, duk ƙulli da kogo. Daidai bisa kan mutum sai ya rabu ya zama manyan rassa biyar ko goma, kowanne ya kai itace guda, sun miƙe sama kamar yatsun hannu. Wanda ya taɓa ganin maɗaci ko gawon da makiyaya suka daɗe suna sara wa shanu zai gane nan da nan cewa aikin barandami ne. Akwai irinsu fiye da 50,000 a Epping. Labarinsu kuwa shi ne labarin yadda aka yi dajin ya tsira har mu da karnuka muka sami wurin yawo.

Tun zamanin da ba a tuna farkonsa ba, magidantan Loughton suna da izinin saran rassa a dajin domin wutar hunturu. Ba a kā da itace, rassa kaɗai ake sara, can sama inda barewa da shanu ba za su kai ga sabon toho ba. Bayan 'yan shekaru itacen ya sake yin rassa, a sake sara. Itacen da ake yi wa haka yakan fi ɗan'uwansa tsawon rai. Lokacin saran daga 11 ga Nuwamba ne zuwa 23 ga Afrilu. Mutanen garin sun gaskata cewa in daren farko ya wuce ba wanda ya sa gatari, izinin ya mutu ke nan har abada. Domin haka kowace shekara sukan taru a kan tudun Staples, kusa da inda muke shiga, su hura wuta, su jira ƙarfe 12 na dare. Da ta buga sai a ji sara ko'ina cikin duhu.

A tsakiyar ƙarni na 19 Landan tana ta kumbura, ƙasa ta yi tsada, masu ƙasa suka fara kewaye daji da shinge domin noma da gini. Akwai wani daji maƙwabci, Hainault. A 1851 Majalisar Dokoki ta cire shi daga dokar daji, aka kawo injuna, cikin mako 6 aka tumɓuke mafi yawansa. Epping ma ya kama hanya, gama kafin 1870 kusan rabinsa yana bayan shinge. A Loughton, mai ƙasar, John Whitaker Maitland, wanda kuma shi ne limamin ekklesiyar garin, ya kewaye eka fiye da 1,000.

Wanda ya ƙi yarda wani lebura ne, Thomas Willingale, tsoho, matalauci. Ana ba da labari har yau a garin cewa wata shekara an shirya wa masu sara babban biki a daren 11 ga Nuwamba, da abinci da giya kyauta, da nufin su bugu su manta da lokaci. Willingale ya sulale kafin sha biyu, ya je ya sari reshe, ya komo da shi ya ajiye a gaban jama'a. Abin da ke rubuce a takardun shari'a shi ne, ya ci gaba da shiga yana sara duk da shingen, a 1866 kuma aka ɗaure ɗansa da waɗansu danginsa biyu kwana 7 saboda sara. Wata ƙungiya ta masu kāre filayen jama'a, wadda aka kafa a 1865, ta tsaya masa ya kai ƙara. Shari'ar ta yi ta jan jiki, har ya rasu a 1870 ba a yanke ba. Amma muddin magana tana gaban alƙali ba a iya share wurin ba, waɗannan shekaru kuwa su ne suka ceci itatuwan Loughton.

Daga nan sai babba ya shigo. Hukumar tsohon Birnin Landan ta taɓa sayen fili a gefen dajin domin makabarta, filin kuwa yana ɗauke da izinin kiwo a daji. Da wannan 'yar hujja ta kai masu ƙasa ƙara a 1871. A 1874 alƙali Sir George Jessel ya yanke cewa shingayen haramtattu ne. A 1878 Majalisa ta kafa doka ta danƙa dajin a hannun hukumar Birnin, bisa sharaɗin a bar shi a buɗe, ba shinge, ba gini, domin hutawar jama'a. Ran 6 ga Mayu 1882 Sarauniya Victoria ta zo da kanta wani tudu mai suna High Beach, ta ba da dajin ga talakawanta. Har yau hukumar nan ce take lura da shi.

Ga abin tausayi a ciki. Dokar da ta ceci dajin ita ce ta kashe saran da Willingale ya tsaya a kai. An biya mutanen Loughton diyyar fam 7,000, da wani kaso na kuɗin aka gina ɗakin taro na gari, Lopping Hall, watau zauren masu sara, wanda aka buɗe a 1884. Yana nan har yanzu, da siffar masu sara a bisa ƙofarsa. Itatuwan kuwa da suka saba da aski kowace shekara goma sha, sai aka bar su shekara fiye da ɗari. Rassan suka yi ƙiba suka fi ƙarfin tsohon gindi. Duk daren da aka yi iska, da safe mukan tarar da wani ya tsage biyu ya kwanta, farin cikinsa a waje. Inuwarsu kuma ta yi duhu har ciyawa da furanni suka ƙaura daga ƙarƙashinsu. Tun wajen shekarun 1980 ma'aikatan daji suka komo da sara, amma da dabara. Honbim yakan jure ya sake toho. Tsohon bic kuwa in aka sare shi gaba ɗaya sai ya mutu, saboda haka kaɗan kaɗan ake rage masa kaya. Baba ya nuna mini wani fage inda aka yi aikin shekarun baya. Kowane kututture ya fid da tsumagu kamar gashin yaro, haske ya sauko har ƙasa, ciyawa ta komo.

Kare da barewa

Wata safiya muna hawa zuwa Loughton Camp, wata tsohuwar ganuwar ƙasa da aka yi wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, sai ƙaramin ya tsaya cik, ƙafa ɗaya a sama, jikinsa yana rawa. Ban ga kome ba. Baba ya sunkuya da sauri ya ɗaura masa igiya, ya ce mini a hankali, “Tsaya, ɗana, kada ka motsa.” Can sai ga bareyi bakwai sun ratsa tsakanin itatuwa a jere, baƙaƙe-baƙaƙe, na ƙarshensu namiji mai ƙaho kamar tafin hannu. Ba su yi ƙara ba ko kaɗan. Barewar Epping ta fi ta sauran wurare duhun launi, Oktoba da farkon Nuwamba kuwa lokacin barbararsu ne, mazan suna gurnani suna faɗa. Akwai kuma wata ƙarama kamar gada, asalinta daga ƙasar Sin, wadda takan yi haushi sai ka rantse kare ne.

Rigimar kare da barewa a nan tsohuwa ce. Tun ƙarni na 12 dajin wurin farautar sarki ne, barewa kuwa ta sarki ce shi kaɗai. Talakan da ke zaune a yankin in yana da babban kare, tilas a datse masa farata uku na ƙafar gaba domin kada ya iya gudu ya kama nama. Wata takardar doka ta 1217 ta ce a riƙa duba karnuka sau ɗaya a shekara 3, wanda aka iske bai datse wa nasa ba ya biya tarar sule 3, kuɗi mai yawa a zamanin. A Chingford, kudancin dajin, har yanzu akwai wani bene mai hawa uku na katako da aka gina wa Sarki Henry na Takwas a 1543, domin manya su hau su yi kallon farauta.

Yanzu ba mai datse ƙafar kare, amma dokar daji ta ce tilas kare ya kasance a ƙarƙashin ikon mai shi. Ba domin sarki ba ne kuma. Manyan hanyoyin mota sun ratsa dajin, barewar da kare ya kora kuwa ba ta duban gabanta, sai ta faɗa titi, kare ya bi ta, a yi hasarar biyu, wani lokaci har da direba. Yawan mutuwarsu a hanya ne ya sa aka keɓe musu wani fili na musamman kusa da Theydon Bois a 1959. Akwai kuma shanu masu dogon ƙaho da ake kiwo a waɗansu sassa, kowace da abin wuya mai ƙara wanda ke gargaɗinta in ta kai iyakar da ba a gani da ido. Su ma ba a barin kare ya matsa musu.

Waɗanda ake gamuwa da su

Baturen Landan ba ya gai da wanda bai sani ba. A jirgin ƙasa mutum ɗari za su zauna gwiwa da gwiwa, ba mai cewa kanzil. Amma ba shi igiyar kare ka sa shi a daji, sai bakinsa ya buɗe. Karnuka ne ke fara gaisuwa, suna shinshinar juna, masu su kuma tilas su tsaya, daga tsayawa sai maganar ruwa da taɓo, daga nan sai maganar ciwon gwiwa da jikoki. Da yake kowa da sa'arsa da hanyarsa, fuskoki ɗaya muke gani kullum. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa bayan aikin dare, idanunta jawur. Akwai wani saurayi mai karnuka shida a hannu, ba ko ɗaya nasa, sana'arsa ke nan, masu zuwa ofis suna biyansa. Abin dariya, da yawansu ba su san sunan juna ba, sai na karnuka. Mutum yakan shekara goma ana kiransa mai kare kaza.

A mako na uku wani tsoho mai jar karya, wanda mukan tarar a bakin tafki, ya ɓace. Ran farko ba wanda ya ce kome. Rana ta biyu aka fara tambaya. Rana ta uku wata mace ta tuna titin da ta taɓa ganinsa ya shiga, ta je ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi har ta sami maƙwabcinsa. Ashe ya fāɗi a matakala ya karye, yana asibiti, karyar tana hannun maƙwabcin wanda ba shi da lokacin fita da ita. Kashegari mutum huɗu suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Baba ya ɗauki Talata da Jumma'a, muka zama masu karnuka uku.

A kan hanyar komowa na tambaye shi, “Baba, ba ka gajiya da wannan fita kullum?” Ya yi shiru har muka ƙetare rafi. Sa'an nan ya ce shekarar da matarsa ta rasu, a watan Nuwamba ne, da don ta shi ne da bai tashi daga gado ba har bazara. Baƙin karen nan ne yakan zo ya ɗora haɓa a gefen gado ya tsura masa ido, ba haushi, ba kome, har sai ya tashi. Bai ƙara magana a kai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Mu mukan ce sabo turken wawa, amma a ƙasar da tsofaffi da yawa suke zaune su kaɗai a gida, yini guda ba mai sallama, na ga turken nan yana riƙe da mutane a tsaye.

Ba a rasa ɓarna ba. Yau da gobe, in ji mutane, tana sa allura ginin rijiya. Da hanya ta yi taɓo kowa yakan ratse gefe, gobe gefen ma ya zama taɓo, har 'yar siririyar turba ta koma faɗin titi. Ƙasar da aka tattake takan daskare, saiwar tsohon bic kuwa ba ta nisa, a sama sama take, sai ta rasa iska. Abin ya ƙaru tun 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da mutane suka rasa wurin zuwa sai daji, da yawa kuma suka sayi karnuka. Naman kaza yakan fito iri iri a wannan lokaci a jikin matattun itatuwa, doka ta hana tsinkarsa, amma ana kama masu cika jakunkuna domin su sayar wa gidajen abinci. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mutumin da zai kwashe kashin karensa a leda yadda doka ta ce, sa'an nan ya rataye ledar a reshe ya yi gaba. Wa yake jira ya ɗauke masa? Baba yakan tsinke su ya kai kwandon shara yana gunaguni. Duk da haka ban yarda da masu cewa a rage shigar mutane ba. Masu shiga kullum su ne suke fara ganin itacen da ya tsage bisa hanya, da sharar da mota ta zubar da dare, da barewar da aka buge, su kuma suke kiran ma'aikata.

Yawon yamma gajere ne, cikin duhu ake yinsa. Mukan riƙe tocila, karnuka kuma suna da 'yan fitilu a wuya, na babban kore, na ƙaramin ja. Sai ka ga jar wuta tana tsalle tsakanin itatuwa, koriyar tana biye a hankali. Mujiya takan yi kuka daga tudu, wata ta amsa daga kwari. A ƙofar gida bokitin ruwan ɗumi yana jira. Ƙafa takwas za a wanke ɗaya ɗaya, a goge da tsohon tawul, a laluba kunne da hammata ko kaska ta maƙale, kafin kowa ya shiga ɗaki.

A makon ƙarshe na wata aka yi iska kwana biyu, ta ƙarasa kakkaɓe abin da ya rage. Dajin ya zama fayau, ana hangen nesa ta tsakanin rassa, ƙarar motoci kuma ta matso kusa. 'Yan ƙananan bic kaɗai suka riƙe busasshen ganyensu, haka kuwa za su riƙe shi yana kacau-kacau har sabon toho ya ture shi. Daga nan sama ta washe, sanyi ya sauko da dare. Da safe kowane ganye a ƙasa ya yi farin baki kamar an barbaɗa masa gishiri, taɓon da ya wahalshe mu wata guda ya daskare, muna tafiya a kansa kamar daɓe. Baba ya rage hanya saboda ƙugun babban, ba mu hau ganuwa ba, muka kewaya ta bakin tafki. Ruwan ya yi ɓawon ƙanƙara siriri kamar gilashi. Ƙaramin ya taɓa da ƙafa ya ja da baya yana haushi. Babban ya zo a hankali, ya shinshina, ya taka, ƙanƙarar ta fashe, ya shiga har ciki ya tsaya, tururi yana fita daga bakinsa.